Jitar Nangka da Ta Tafi Riyad

Ranar Juma'a ce, washegarin guguwar Nuwamba. Gari ya waye fes, babu ko ɗigon girgije, rana ta fito da zafi tun ƙarfe bakwai, iska kuma ta tsaya cik kamar ba ita ce ta yi ta kwashe rufin mutane jiya ba. Na zaga bayan gida na tarar da itacen nangkanmu, wani babban itace mai 'ya'yan ci, a kwance, saiwoyinsa a sama, kansa a kan kejin kaji. 'Ya'yansa huɗu, kowanne ya kusa girman tulu, sun fashe a cikin taɓo, ƙudaje har sun taru. Nanay, mahaifiyata, tana tsaye riƙe da ƙugu tana jimamin kajinta biyu da ya danne. Itacen ko kallonsa ba ta yi ba.

Shekarata ashirin da ɗaya a lokacin. Makaranta na bar ta ina aji biyu na sakandare. Daga nan na yi wata huɗu a garejin walda, wata biyu a kwalekwalen kamun kifi na kawuna, mako uku ina dako a kasuwa. Acaba ne kaɗai na daɗe a kai, shi ma don babu mai tsare ni wuri ɗaya ne. Babur ɗin kuwa Tatay ne ya saya mini, wato mahaifina, wanda ya shekara goma sha huɗu yana walda a Riyad. Duk shekara biyu yake zuwa gida hutun kwana arba'in. Duk Juma'a kuma yana kiranmu a waya, shi da tsakar ranarsa, mu da la'asar ɗinmu.

Sai da aka yi kwana tara kafin layin waya ya dawo a tsibirinmu na Mactan. Da ya kira, na zaga da wayar bayan gida na nuna masa itacen.

"Nemo mai zarton inji ya yayyanka, a kai wa masu yin jita," in ji shi. "Itacen nan ya girme ka, cikinsa ya yi rawaya sosai. Za su so shi."

"Ni zan yi aiki da shi, Tay."

"Aikin me? Benci?"

"Jita."

Ya yi dariya har wayar ta karkace na koma ganin rufin ɗakinsu.

"Dong," ya ce, yadda manya ke kiran kowane ɗa namiji, "kai da ka fara kejin kajin nan, uwarka ce ta ƙarasa."

"Har ƙofar ni na sa," in ji Nanay daga wajen murhu.

Ban san zan ce jita ba sai da na ji kalmar ta fito daga bakina. Amma da ya ajiye wayar na zauna a kan gungumen, sai na ji abin ya kwanta mini. Tatay makaɗi ne tun kafin ya zama mai walda. Da jita ya nemi auren Nanay, yana tsaye a ƙarƙashin tagar gidansu har kakana ya gaji ya ce a shigo da shi. Tasa ta lalace tun ina ƙarami, a Riyad kuma ba shi da wata. Na ƙudura a raina cewa in ya zo hutu na gaba, wata ashirin da ɗaya daga ranar, ba zai koma ba sai da jitar da na yi da hannuna, daga itacen da ya ce in kai wa wasu. Ban gaya wa kowa ba. Na riga na san irin kallon da ake yi mini in na ce zan yi abu, kuma na gaji da shi.

Akwai wani tsoho da nake ɗauka duk Lahadi in kai shi filin faɗan zakaru, sunansa Noy Temyong. Shekara arba'in ya yi a wani shagon yin jita kafin yanar ido ta zaunar da shi. Wannan Lahadin na biyo da shi ta gidanmu. Ya zagaya gungumen yana ƙwanƙwasa shi da sandarsa.

"Tsakiyar nan ta ruɓe," ya ce. "Amma daga nan zuwa nan akwai katakon jita uku, in mai hankali ne ya yi aikin. A hannunka kuwa, Allah ya sa a samu ɗaya."

"Za ka koya mini, Noy?"

"Ba na koyarwa. Ina dai iya zama ina zaginka, in akwai kofi."

Ya sa aka raba gungumen gida huɗu, aka fitar da alluna sirara. Na ɗiga kakin kyandir a bakunansu don kada su tsage, na jera su a ƙarƙashin kwanon rufinmu, da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa.

"Sai yaushe ke nan?" na tambaye shi.

"Shekara ɗaya da rabi."

"Me zan yi ta yi har shekara ɗaya da rabi?"

"Acaba. Ko ka koma makaranta. Ka ga kafin su bushe ka gama aji uku."

Jiran ne ya fi komai wuya. A wata na uku na kasa haƙura, na sauko da alluna biyu da ake haɗawa su zama fuskar jita ɗaya, na shimfiɗa su a kan kwano a tsakiyar rana, wai su yi saurin bushewa. Na tafi kai fasinja biyu na dawo na tarar sun nannaɗe kamar busasshen kifi. Noy Temyong ya shafa su ya miƙo mini.

"Kai wa uwarka ta riƙa fifita wuta. Saura biyu."

Daga nan na bar na sama suka huta, na koma koyo a kan katakon akwatunan kaya da nake tsintowa a bakin tashar jirgin ruwa. Da safe in yi acaba zuwa ƙarfe ɗaya, in ci shinkafa da kifi, in zaga bayan gida. Wata guda cur tsohon nan bai bar ni na yi komai ba sai wasa ƙarfe a kan dutse, har sai da bakin cizal ya aske gashin hannuna. Abokaina sukan tsaya a bakin shinge da ƙwallon kwando su yi ta kirana. Da farko nakan ce su jira ni. Daga baya suka daina tsayawa, ni kuma ban lura da ranar da suka daina ba.

A watan Afrilu, wata goma sha bakwai da faɗuwar itacen, ya ce in sauko masa da allo ɗaya. Ya riƙe shi da yatsu biyu kusa da kunnensa, ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa, ya saurara. Sannan ya ɗora shi a kan leɓensa na ƙasa. Katakon da ke da sauran ruwa, in ji shi, sanyi yake yi a leɓe.

"Ya bushe," ya ce. Ya kurɓi kofinsa. "Wai wa za ka yi wa jitar nan ne? 'Yar mai gasa ayaba ce ta bakin coci? Ina jin yadda kake rage gudu in mun zo wajen."

"Ni zan kaɗa abata, Noy."

"To, Allah ya ba maƙwabta haƙuri."

Na fara da gefuna. Ana jiƙa allo, a cika bututun ƙarfe da garwashi, a ɗora allon a kai ana dannawa a hankali har ya yarda ya lanƙwasa. Akwai lokacin da za ka ji katakon ya saki a hannunka, in ka danna kafin lokacin sai ya karye. Sau biyar ina dannawa kafin lokacin. Duk wanda ya karye, Noy Temyong ba ya ko juyowa, sai dai ya ce, "Nay Luding, ga itacen girki," Nanay kuma ta amsa daga ciki da cewa ta gode.

Fuskar jita ita ce muryarta. Ana kankare ta har ta yi sirantar da in ka ɗaga ta a rana za ka ga inuwar yatsunka ta baya. Ina cikin kankare ta biyu hankalina ya tafi wani wuri, ban ma tuna ina ba, ƙarfen ya zarce ya huda ta. Na zauna ina kallon ramin. Na ji irin abin da na ji ranar da na ajiye gilashin walda na fita daga gareji ban waiwaya ba. Har na miƙe na ɗauki makullin babur.

"In ka fita ka sayo mini taba," in ji Noy Temyong. "Saura ɗaya dai."

Na fita na sayo tabar na dawo.

Ta ukun mako uku na yi a kanta. A bayanta na manna haƙarƙari, wato 'yan siraran sanduna da ake gicciyawa su riƙe fuska kada jan tsirkiya ya lanƙwasa ta. Na fere kowanne, ina ferewa yana ƙwanƙwasawa yana cewa a ƙara, har ran da ya ce in na ƙara zai karya mini yatsa. Wuyan na fitar da shi daga dogaran wata tsohuwar ƙofa ta madaci. Noy Temyong ya ba ni wani baƙin katako mai tauri da ya daɗe yana ɓoyewa, na yi shimfiɗar wuya da jakin da tsirkiya ke hawa. Na nemo ƙashin ɓauna a mahauta na dafa na goge, don tsirkiya ta zauna a kansa. Na kewaye bakin jitar, wato ramin da ke fuskarta, da ɓawon katantanwar teku, ƙanana ƙanana, saba'in da biyu.

Kafin in kai ga rufe ta, wato haɗa fuska da baya a jikin gefuna, Yuli ya shigo da ruwa. Kwana goma sha ɗaya ana yi ba ɗaukewa. Gishiri ya narke a kwano, takalmina ya yi furfurar ruma, wankin Nanay ya ƙi bushewa a igiya. Saura wata guda Tatay ya sauka.

"Noy, ana rufewa a irin wannan ruwan?"

"Ruwa bai taɓa hana mu rufe jita ba. Rabin jitocin da ake kaɗawa a cocin nan a damina aka rufe su, ga su nan har yau, wasu sun shekara talatin. Ka dai ba gam kwana biyu maimakon ɗaya."

Na shafa gam, na ɗora fuskar, na naɗe jitar gaba ɗaya da robar cikin tayar babur har ta koma kamar ƙunshin kaya. Bayan kwana biyu na kwance. Babu inda ya buɗe. Sauran aikin sanfefa ne da man ƙyalli, shafi tara, da kafa ƙarafan wuya ɗaya bayan ɗaya. Ranar uku ga Agusta na ɗaura tsirkiya shida. Noy Temyong ya karɓa ya kaɗa sau ɗaya, ya bar ƙarar ta yi ta tafiya har ta mutu da kanta.

"Ba laifi," ya ce. "Muryarta ba ta zauna ba tukuna. Ba ta wata biyu."

Washegari 'yarsa ta zo ta tafi da shi Bohol don a yi masa aikin ido. Bai ga zuwan Tatay ba.

Tatay ya sauka ranar tara ga wata, ya rame, ya ƙara duhu. Na bari sai da ya ci abinci ya raba tsaraba, maƙwabta suka watse, sannan na ɗauko ta na ɗora masa a cinya. Ya juya ta ya duba bayan. Ya leƙa ta baki, ya shinshina. Ya bi gefen wuyan da babban yatsa yana neman ƙarfen da ya fito, bai samu ba. Ya ɗaga ta ya rufe ido ɗaya ya auna miƙewar wuyan kamar yadda yake auna bututu.

"Tsirkiya ta ɗan yi sama a nan," ya ce.

"Zan rage ƙashin."

"Wa ya yi maka wuyan?"

"Ni."

"Temyong bai taɓa ba?"

"Da baki kawai."

"Da baki da sanda," in ji Nanay.

Ya gyara kunnuwan ɗaure tsirkiya, ya kaɗa wata tsohuwar waƙa. Yatsunsa sun yi tauri da walda, ya yi kuskure sau biyu ya sake daga farko. Nanay ta tashi ta shiga wajen murhu wai za ta duba tukunya, alhali babu komai a kan wuta.

Kwana arba'in ɗin nan kullum da la'asar yana bakin ƙofa da ita. Duk wanda ya wuce sai ya tsayar da shi ya ce ya duba aikin Wilmar. Ban taɓa jin ya faɗi sunana sau da yawa haka ba. Ana gobe zai tafi, yana cusa busasshen kifi da busasshen mangwaro a jaka, na ce masa:

"Taka ce, Tay. Da ita za ka tafi."

Ya tsaya da ƙullin kifi a hannu. "Ba kai za ka kaɗa ba?"

"Ni ban iya ba. Dama kai na yi wa."

Ya ajiye kifin ya je ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ta. Ba mu da akwatin jita, sai muka naɗe ta da bargo muka yanka kwalin firiji muka yi mata gida. Da ya isa ya aiko da hoto. Ta isa lafiya, tana rataye a ƙusa a saman gadonsa.

Bayan mako biyu Noy Temyong ya dawo da baƙin tabarau da ido ɗaya mai gani. Ranar Lahadi na ɗauke shi kamar kullum. Muna cikin tafiya ya leƙo ta kafaɗata.

"In mun dawo ka biya da ni gidanku. Ina so in ga jitar nan da idona, tunda yanzu ina da shi."

"Ba ta nan, Noy."

"Ka sayar?"

"Tatay ya tafi da ita."

"Ya tafi da ita ina?"

"Riyad mana."

"Tsaya."

Na tsaya a gefen titi kusa da wata mai sayar da ruwan kwakwa. Ya sauka da kansa, ya cire tabarau, ya dube ni da sabon idon.

"Bushewar da na ce maka katakon nan ya yi, bushewar nan ce, ta Mactan. Katako iskar inda yake zaune yake sha. Iskarmu rabinta ruwa ce, ka kuma rufe ta a tsakiyar Yuli. Can fa? Ba ubanka ne ke cewa in ya yi wanki, kafin ya gama shanya riga ta biyu ta farko ta bushe ba?"

"Shi ne."

"To haka za ta yi wa jitar. Fuskar za ta tsuke ta faɗi. Haƙarƙarin da ka gicciya ba za su tsuke tare da ita ba, za su riƙe ta. Ɗaya yana ja, ɗaya ya ƙi. Dole wani wuri ya saki."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na tambaye ka wa za ka yi wa, ka ce kai. Kai kuwa iyakarka gadar Cebu. Da ka ce ƙetare za ta yi, da na sa ka haɗa akwati ka kunna ƙwan lantarki biyu a ciki, allunan su yi mako biyu suna gasuwa, mu fitar mu rufe a take. Haka muke yi wa duk wadda za ta hau jirgin sama. Ba wani abu ba ne mai wuya. Kwali ne da ƙwai biyu."

Mai ruwan kwakwa ta tambaye mu ko za mu sha. Na girgiza mata kai, na juya ga tsohon.

"Yanzu me za a yi?"

"Ya sassauta tsirkiya duka. Ya sa ta a babbar leda ya ɗaure baki, tare da jiƙaƙƙen soso a cikin kwanon sabulu. Kada ta ga iyakwandishan. Wataƙila a tsira. Hau mu tafi, zakaru ba za su jira mu ba."

Na tura wa Tatay saƙo a take. Bai amsa ba sai Juma'a da ya kira. Yana zaune a kan gado, jitar tana rataye a bayansa, iyakwandishan yana hura ta daga bangon da ke fuskantarta. Na maimaita masa duk abin da tsohon ya ce.

"Leda da jiƙaƙƙen soso," ya ce. "Jita ce ko kifi?"

"Da gaske nake, Tay."

"Dong, mu takwas ne a ɗakin nan. Har 'yan ɗakin gaba suna shigowa. Akwai wani ɗan Iloilo da ya fi ni iyawa, akwai wani Bapakistane da bai san waƙarmu ko ɗaya ba amma shi ke fara zuwa. In ɗaure ta a leda in ce musu me? Ɗana ya ce tana jin ƙishi?"

"Ka ce musu haka."

"To, na ji. Zan sa soson."

Ya sa soson kuwa. Ya aiko da hoto: ya kafa wata ƙusa kusa da jitar ya rataye shi a fili, babu leda. Na rubuta masa cewa a haka ko awa ɗaya ba zai yi ba zai bushe. Ya amsa da hoton babban yatsa.

Juma'ar da ta biyo baya ƙusar jitar babu komai a kanta.

"Kaɗa mini in ji, Tay."

"Ɗan Iloilo ya ara."

Ta gaba ya ɗaga mini yatsa a naɗe da filasta, wai walda ta ƙona shi. Ya yi ta ba ni labarin wani sabon shugaban aiki da ba ya jin magana, ya tambayi farashin man fetur, ya tambayi kaji. Ta ukun yana fara labarin zafi Nanay ta karɓe wayar daga hannuna.

"Crispin, nuna wa yaron nan. Mako biyu ba ya cin abincin kirki, fasinja ma wuce su yake yi a hanya."

Ta miƙo mini wayar. Tatay ya sunkuya ya jawo ta daga ƙarƙashin gado. A cikin leda take, baki a ɗaure, da kwanon sabulu a ciki. Ya kwance ya fito da ita.

"Ranar Talata ce, bayan maganarmu," ya ce. "Muna cin abincin rana muka ji ƙara kamar an taka busasshen reshe. Kowa ya waiwaya. A ranar na nemo ledar."

"Matso da ita."

"Na ɗiga mata gam ɗin nan mai kamawa nan take. Ya riƙe kwana ɗaya, sai ta buɗe a gefensa."

"Juya ta a hankali, Tay. Ta wajen taga."

Ya yi yadda na ce. Mai walda ne, ya san yadda ake nuna aiki ga mai dubawa. Inda na ce ya tsaya sai ya tsaya, inda na ce ya danna sai ya danna. Da na ce ya girgiza ta kusa da wayar, na ji abu yana kaɗawa a ciki.

"Kwana ashirin da uku muka kaɗa ta a nan," in ji shi. "Ba a yi fashin rana ɗaya ba. Temyong zai iya gyarawa in na dawo da ita?"

"Zan tambaye shi."

"Akwai sauran katakon?"

"Zan duba."

Na san amsar, amma da ya ajiye wayar na jingina tsani na hau ƙarƙashin kwano. Sandunan tsakani ne kawai a wurin, da wani guntun gefe da bai kai tsawon hannuna ba. Ranar Lahadi na nuna wa Noy Temyong hotunan. Ya daɗe yana kallo da ido ɗaya, ya ce wuyan yana nan da kyau, za a iya cire shi a sa wa wata. Jikin kuwa sai dai a sake fuska da baya, kuma ba daga wannan itacen ba.

Fuskar ta tsage wuri uku, mafi tsawon daga jaki har gindi. Bayan ya buɗe a tsakiya, tsawon taƙi guda. Jakin ya ɗaga ta gefe ɗaya ya ɓalle da tsokar katakon. Haƙarƙari biyu sun saki. Ƙarafan wuya goma sha ɗaya sun fito ta gefe suna yankar hannu. Daga ɓawon katantanwa saba'in da biyu, tara sun zube. Kafin wannan na ɓata fuska biyu da gefe biyar. Itace ɗaya ne, katakon jita uku, wata ashirin da ɗaya.